Ba a fafe gora ranar tafiya: wa ke samun shiga makarantar injiniyoyi?

Kowace shekara, idan damina ta kankama, aka fitar da sakamakon jarrabawar bak, akwai wata tambaya da ke yawo cikin gidaje tun daga Gaya har Ngigmi: yaron nan da ya ci, ko zai samu shiga makarantar injiniyoyi? Uba ya tari malamin lissafi a bakin masallaci ya tambaye shi, uwa ta tambayi maƙwabciyarta mai ɗa a Yamai, shi kuwa yaro ya tasa takardar makinsa gaba ya yi ta ƙidaya. Amsar da aka saba bayarwa ita ce, sai abin da Allah ya yi. Wannan magana gaskiya ce, babu mai ja da ita. Amma fa manomin da ya dogara ga Allah shi ne kuma ke fita sassabe tun bazara. Yaron da ke tambayar rabonsa a watan Agusta ya makara da tambaya, domin an fara yanke wannan rabo tun shekaru uku ko huɗu da suka wuce, a wasu mashigai da uwaye da yawa ba su ma san da su ba. Ya kamata a bayyana waɗannan mashigai ɗaya bayan ɗaya, saboda abin ya shafi yaro da gidansu, ya kuma shafi ƙasa baki ɗaya.

Da farko dai, ina ne makarantun da ake magana? A Yamai, a ƙetaren kogi kusa da jami'ar Abdu Mumuni, akwai makarantar ma'adinai da masana'antu da ilimin duwatsun ƙasa, wadda aka fi sani da EMIG. Ƙasashen ƙungiyar CEAO ne suka yanke shawarar kafa ta a 1982, ta buɗe ƙofofinta a 1990, kuma bayan rushewar ƙungiyar a 1994 ta dawo hannun Nijar. A Yamai ɗin dai akwai EAMAC, makarantar hukumar ASECNA, wadda tun 1963 take horar da masana yanayin sama da masu kula da zirga-zirgar jiragen sama na ƙasashen Afirka da dama. A Wagadugu akwai 2iE, mai koyar da aikin ruwa da makamashi da gine-gine, sai dai kuɗin karatunta ba na kowane gida ba ne. Akwai kuma guraben karatu da ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya kan bai wa ɗaliban Nijar, waɗanda ake rabawa bisa makin da yaro ya samu. Duk waɗannan ƙofofi ƙanana ne, masu ƙwanƙwasa su kuwa suna da yawa.

Abu na farko da ya wajaba uba da ɗa su fahimta shi ne bambancin jarrabawa da gasar shiga, wadda ƴan makaranta ke kira kwankur. A jarrabawar bak, duk wanda ya kai maki 10 bisa 20 ya ci, ko da mutum dubu nawa ne suka kai. A gasar shiga kuwa, kujeru a ƙidaye suke tun kafin a raba takarda. A ce kujeru 40 ne, masu nema 600. Za a jera su daga na farko zuwa na ƙarshe, a ja layi ƙarƙashin na 40. Na 41 ya koma gida, ko da makinsa 14 ne, ko da shi ne zakaran lisensu. Saboda haka tambayar ko yaro yana da ƙoƙari ba ta wadatar ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: idan aka jera shi tare da zakarun Yamai da na Maraɗi da na Damagaram da na Tawa, a ina zai tsaya? Yaro da yawa sun sha mamaki a nan, domin kasancewa na ɗaya a ajin da ba a gama littafi ba ba ya nuna komai game da matsayin mutum a ƙasa.

Mashigi na farko yana ƙarshen kwaleji. Bayan shekara 6 na firamare da 4 na kwaleji, yaro ya ci jarrabawar BEPC, sai a ware shi zuwa ajin farko na lise, ko dai sashen A na adabi da harsuna, ko sashen C na kimiyya. Yaron da aka tura sashen A, ƙofar injiniya ta rufe masa tun ranar nan, alhali yana ɗan shekara 15 ko 16, kuma sau da yawa ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa abin da ya faru. Abin da ke kai yaro sashen C shi ne makinsa na lissafi da na fizik a kwaleji. To, a kwalejin ƙauye, wa ya koyar da shi wannan lissafi? Sau tari malamin kwantiragi ne wanda shi kansa ba lissafi ya karanta ba, an dai ba shi ajin ne saboda babu wani. A inda azuzuwan zana ne, ba a fara karatu sosai sai an gama girbi an samu kara, kuma da hadari ya fara haɗuwa a watan Mayu ko Yuni karatu ya tsaya. Shekarar da aka tsara wa wata 9 sai ta koma wata 6 ko 7. Lissafi kuwa gini ne: wanda bai aza tubalin bara ba, ba shi da inda zai ɗora na bana.

Mashigi na biyu yana cikin lise. Bayan shekara guda, ƴan sashen kimiyya sukan rabu biyu: sashen C, inda lissafi da fizik suka fi nauyi, da sashen D, inda ilimin halittu ke da babban rabo. Makarantun injiniyoyi suna karɓar masu bak C da D, da kuma masu bak na fasaha irin wanda ake yi a lisen fasaha ta Maraɗi. Amma tambayoyin gasar lissafi ne da fizik, kuma ɗan sashen C ya fi samun awoyin waɗannan darussa har shekara biyu. Abin takaici shi ne ƴan ajin ƙarshe na sashen C ƴan kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada su da na A da na D, kuma akwai lise da yawa a wajen manyan birane da ba su da wannan aji sam. Wani wuri babu malamin da zai riƙe shi. Wani wuri kuma yara ne ke gudun sa, har da masu iyawa, saboda an tsorata su cewa sashen C ramin faɗuwa ne, gara su bi D su tsira da takarda. Ta haka ƙasa ke asarar masu lissafi tun ba su san kansu ba.

Mashigi na uku shi ne bak kanta. A shekarun 2021 da 2022 da 2023, waɗanda suka ci wannan jarrabawa a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna ba. Cikin waɗanda suka ci kuma, mafi yawa da ƙyar suka haye maki 10, wasu ma sai a zagaye na biyu. Yabo na farko yana farawa daga maki 12, na biyu daga 14, na ƙoli daga 16. Inda ake zaɓe bisa takardu, kamar guraben ƙasashen waje da kuɗin tallafin karatu da hukumar ANAB ke kula da su, wannan yabo shi ne kan gaba, tare da makin da yaro ya samu a darussan kimiyya da kuma shekarunsa na haihuwa. Batun shekaru ba ƙaramin abu ba ne. Yaron ƙauye yakan shiga makaranta a makare, ya maimaita aji ɗaya ko biyu saboda yajin aiki ko rashin malami ko ciwo, kuma takardar haihuwarsa ta alƙali ce da aka yanke daga baya bisa kintace. Sai ya zo da maki mai kyau a tarar shekarunsa sun haura iyakar da aka ɗiba.

Akwai kuma wani mashigi da ba a rubuta shi a kowace doka ba, watau labari da guzuri. Rashin sani ya fi dare duhu. Sanarwar gasa takan fito, a ba da ƴan makonni na ajiye takardu. Ɗan ma'aikaci a Yamai ya ji tun ranar farko, yayansa ya ba shi tambayoyin shekarun baya, an ɗaukar masa malamin gida. Ɗan manomi kuwa a lokacin yana gona yana noman biyu, sai labari ya iske shi bayan an rufe. Idan ma ya ji da wuri, duk abin da ke bukatar zuwa babban birni kuɗi ne: daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, daga Maraɗi ya haura 600, daga Damagaram kusan 900, daga Difa ya haura 1300. Ga kuɗin mota, ga na hotuna da tambarin takardu, ga masauki, kuma duk wannan a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Gida nawa ne za su sayar da akuya domin gasar da ba su da tabbacin ɗansu zai ci?

Ita kuwa ɗiya mace, duk waɗannan mashigai tana bin su, sa'an nan a ƙara mata nata. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna cewa wajen kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin su cika shekara 18, watau daidai shekarun da ake lise. Wadda ta tsallake wannan, idan babu lise a garinsu, sai an nemo mata gidan da za ta zauna a birni, kuma uwaye da yawa ba su yarda, ba kuwa don ƙiyayya da karatu ba, sai don tsoron abin da ka je ya zo. Wadda ta samu gidan, sau da yawa ita ce mai ɗebo ruwa da wanke-wanke kafin ta buɗe littafi. A ƙarshe kuma ta ji ana cewa aikin injiniya na maza ne. Lissafi bai san namiji ba, bai san mace ba. Ƙasar da ta bar rabin ɗiyanta a bakin ƙofa ta rage wa kanta rabin masu hazaƙa da hannunta.

Idan aka haɗa waɗannan duka, za a ga cewa yara biyu masu kaifin ƙwaƙwalwa iri ɗaya, ɗaya a lise mai ɗakin gwaje-gwaje da malamai cikakku, ɗaya a lise da ba a taɓa haɗa waya da batir a gaban ɗalibai ba, ba su tsaya a layi ɗaya ba ranar gasa. Takardar tambaya iri ɗaya ce, lokaci ɗaya ne, masu gyara ba su ga sunan kowa ba. Ta wannan fuska gasar ta yi adalci. Amma tseren da wani ya fara daga bakin fage, wani kuma daga bayan gari, ko alƙalin ya kai kowa gaskiya, sakamakon sananne ne tun kafin a busa usur.

Wasu masu kishin karkara suna cewa maganin abin shi ne a raba kujeru jaha-jaha, a sassauta maki ga waɗanda suka fito daga nesa. Niyyarsu mai kyau ce, kuma kukansu yana bisa hanya. Sai dai wannan magani yana da nasa ciwo. Gada ba ta tambayar daga wace jaha wanda ya auna ta ya fito. Idan lissafin ƙarfe da siminti ya kuskure, faɗuwa za ta yi da motar da ke kanta. Yaron da aka shigar da shi da rangwame, ba tare da an cike masa giɓin da ya taho da shi ba, shi ne za a kora a ƙarshen shekarar farko, ya koma gida da karyayyar zuciya, a kuma ce ai ga irinta nan. Bugu da ƙari, duk inda aka buɗe ƙofar rangwame, ba ɗan talaka ne ke fara shiga ta ba. Mai uwa a gindin murhu ne. Tsananin gasa, in dai an tsare ta da gaskiya, shi ne kaɗai gatan wanda ba shi da kowa. Don haka a bar ma'auni yadda yake. Hanyar da ke kaiwa ga ma'aunin ita ce ke son gyara.

Gyaran kuwa ba gagara-badau ba ne. Na ɗaya, lisen zaɓaɓɓun ɗalibai da ke Yamai, wadda ake shiga ta hanyar gasa bayan BEPC, ta nuna cewa idan aka tara yara masu hazaƙa wuri ɗaya, aka ba su makwanci da abinci da malamai, suna yin abin a zo a gani. Ya dace kowace jaha ta samu aƙalla aji irin wannan na sashen C, da ɗakin kwana na maza da na mata, a riƙa zaƙulo yaran tun daga kwalejojin ƙauye. Na biyu, malamin lissafi da na fizik da ya yarda ya zauna nesa da babban birni a ba shi alawus na musamman da gida, a kuma biya shi a kan lokaci, domin ba ya yiwuwa a nemi injiniya daga ajin da ba malami. Na uku, duk wata gasar shiga a riƙa yin ta a babban birnin kowace jaha, a karɓi takardu a nan, a sanar da ranakunta tun farkon shekarar karatu, a rediyon ƙasa da rediyoyin karkara, cikin harsunan da uwaye ke ji. Na huɗu, a buga tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu a aika wa kowace lise kyauta, a kuma riƙa bayyana yawan kujeru da yawan masu nema da makin na ƙarshen da aka ɗauka, don kowane yaro ya iya auna kansa. Na biyar, a buɗe shekarar share fage ga waɗanda suka kusa kai wa layi daga lisen da ba su da kayan aiki, su cike giɓinsu su sake gwadawa. A Faransa ma, inda aka kafa makarantar Politeknik tun 1794, sai ɗalibi ya yi shekara biyu a ajin shiri bayan bak kafin ya tunkari gasar manyan makarantu.

Kada a ce wannan kashe kuɗi ne a kan ƴan tsiraru. Tun 1971 ake haƙar uraniyom a Arlit. Gawayin Anu Araran ne ke ba arewacin ƙasa wuta. Matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, da ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Bututun mai na kusan kilomita 2000 daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024. A 2025 gwamnati ta mayar da kamfanin SOMAIR mallakar ƙasa. A watan Agusta na 2023 kuma, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, kowane gida a Yamai da Maraɗi da Damagaram ya ɗanɗana abin da ake nufi da dogaro da wutar wani. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ayyuka yana bukatar mutanen da za su auna, su zana, su gyara, su kuma karanta yarjejeniya su gane inda aka ɓoye cuta. Ƙasar da ke son riƙe arzikinta da hannunta, dole ne hannun ya san aikin. In ba haka ba, sunan mallaka ne kawai zai sauya, mai riƙe da mabuɗin inji yana nan baƙo.

Shi kuma ɗalibi, kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannunsa. Ya fara tun ajin farko na lise, kada ya jira ajin ƙarshe. Idan malaminsa ya ce zai iya sashen C, kada tsoron faɗuwa ya kore shi. Ya nemi tambayoyin shekarun baya, ya zauna ya amsa su da agogo a gabansa, ba tare da leƙa littafi ba, domin makin da ya samu a wannan zama ya fi yabon abokai faɗa masa gaskiya. Ya haɗa kai da ƴan ajinsu uku ko huɗu su riƙa aiki a allo ɗaya, wanda ya gane ya bayyana wa saura. Kada ya raina Faransanci, saboda da shi ake rubuta tambayar, kuma wanda bai fahimci tambaya ba ya faɗi tun bai fara lissafi ba. Ingilishi ma ana bukatarsa a fannin jiragen sama da na man fetur. Ya shirya takardar haihuwa da ta zama ɗan ƙasa tun da rani. Ya tambayi waɗanda suka riga shi, matambayi ba ya ɓata. Sa'an nan kada ya rataya ransa ga ƙofa ɗaya: ya nemi biyu ko uku a lokaci guda.

Idan kuma aka ja layi ya tarar da kansa a ƙasa, duniya ba ta ƙare ba. Tun 2010 akwai jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, kuma ta Maraɗi, mai sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ta ba da ƙarfi ga kimiyya da fasaha. A Agadas akwai makarantar ma'adinai ta EMAIR mai horar da ƙwararrun ma'aikata. Wanda ya fara da ƙaramar takardar fasaha ya yi fice, hanya a buɗe take ya ci gaba har ya kai matsayin injiniya, kuma sau da yawa irinsa ya fi sanin inji da hannu. Uwaye su ma su riƙe wannan, su daina ɗaukar rashin cin gasa a matsayin abin kunya. Na 41 cikin 600 ba raggo ba ne. Kujera ce ta ƙare.

A Tasawa aka haifi Abdu Mumuni a 1929, lokacin da babu lise ko ɗaya a ƙasar. Sai da ya je Senegal, ya wuce Faransa, kafin ya zama babban masanin fizik, ya dawo ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ONERSOL, ya kuma riƙe jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunansa a 1992, shekara guda bayan rasuwarsa. Yaro mai irin ƙwaƙwalwarsa yana nan yau a wani ajin zana a Mayahi ko Tanut ko Keita, ko kuwa yarinya ce tana daka kafin ta tafi makaranta. Ko za su kai bakin ƙofar EMIG, wannan ya rataya ga malamin da za a aika musu bana, da labarin da zai iske uwayensu a kan lokaci, da makwancin da za a tanadar musu a birni. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: hukuma da malamai da uwaye da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, kowa da gefen da zai kama. Allah ya ba ɗalibai sa'a, ya kuma ba magabata ikon share musu hanya.